Amsa ga ɗana da ya tambaye ni ko mu ne ringin da Annabi Ishaya ya faɗa

Ɗana, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiyar taro, ya mutanen gida, ya jikin tsohuwa? Allah shi ƙara mata sauƙi.

Ran Asabar ɗin nan a taron matasa nan Katsina ka miƙe gaban kowa ka amshi makirfo ka jefo mani tambaya, lokaci ya ƙure masu mota na ta hon, ban samu na ba ka amsa yadda raina ke so ba, sai kuma ga jikata ta zo tana nuna mani a waya wai ka sake rubuta ta a Facebook har an yi ta kwament, wasu na yabonka wasu na cewa ka yi ma babba rashin kunya. Ni ban ga rashin kunya ba. Tunda a fili ka yi ta to a fili zan amsa, da yatsa ɗaya nake bugawa ba tabarau, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri.

Abin da ka ce shi ne, Baba kun karanta mana Ishaya sura 28 aya 5, cewa a ranar nan Ubangiji Mai Runduna zai zama kambin ɗaukaka da rawanin ado ga ringin jama'arsa, wato waɗanda suka rage, to mu ne ringin? In mu ne ina ɗaukakar take? Majami'ar ƙauyenmu da a da sai an shimfiɗa tabarmi waje yanzu ba a kai mutum 30, wasu 'yan bindiga sun kore su, wasu sun tafi Kaduna da Abuja neman na tuwo. A gida a ce mana mun bar zama Hausawa tunda muna zuwa coci, in mun je kudu a ji sunanmu a ce ƙarya muke mu ba Kirista ba ne. Anya ba lallashinmu kawai kuke ba, ai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Maganarka ta taɓa ni, ba zan ɓoye maka ba. Ni ma can ƙasar Malumfashi aka binne cibiyata, kakana Bamaguje ne, kuma na san gidajen da ka ke magana a kai ɗaya bayan ɗaya, na san wa ke zama kan wane benci. Amma laifin nawa ne da na karanta maku aya ta 5 ita kaɗai kamar wanda ya yanko ƙafar kaza ya ce ga kaza nan. Ɗauko Littafinka mu faro daga aya ta 1.

Surar da kaito ta fara, kaiton kambin girmankai na mashayan Ifraimu. Ifraimu nan mulkin arewacin Isra'ila ake nufi, babban birninsu Samariya. Sarki Omri ne ya sayi tudun da talanti biyu na azurfa ya gina birni a kai, ka duba 1 Sarakuna 16:24, ɗansa Ahab kuma har gidan hauren giwa ya gina. Birni ne bisa tudu, ganuwa ta kewaye shi, ƙasa kuma kwari ne mai albarka, in ka hango shi daga nesa kamar kai da rawani. Annabi Amos da ya riga Ishaya da kaɗan ya ce manyansu kan gadajen hauren giwa suke miƙewa suna shan ruwan inabi a kwano, talaka kuwa ana sayar da shi kan kuɗin takalmi. In sun zauna shagali sai su ɗaura furanni a ka. Ishaya ya dubi furannin ya dubi birnin ya ce duk abu ɗaya ne, fure ne mai yaushi, kamar dai furen kabewa da ka gani da safe ya buɗe gwanin sha'awa kafin azahar ya langaɓe. Ya ƙara da cewa kamar ɓauren da ya riga sauran nuna ne, wanda ya fara gani ya tsinke ya haɗiye tun yana hannunshi. Ka tuna yadda ku ke yi ma tumun farko kuna yara? Haka daular Assuriya ta yi masu. Shekara uku ana kewaye da birnin, a 722 kafin haihuwar Almasihu ya faɗi, Sarki Sargon na Assuriya ya sa aka rubuta mashi cewa mutum 27,290 ya kwasa daga can. Sarkin yawa ke nan fa, kabila goma.

Sai bayan wannan duka aya ta 5 ta zo. Kuma ka lura da kyau, don ni kaina na yi shekaru ina wuce wurin, annabin bai ce Ubangiji zai ba su kambi ba, cewa ya yi shi Ubangijin zai zama kambin. Mu 'yan Katsina mun san rawani, mun sha tsayawa Ƙofar Soro muna kallon naɗi, algaita na tashi dawaki na haniniya, kuma mun san hannun da ya naɗa yana iya tuɓewa. Duk abin da Samariya ke tunƙaho da shi irin wanda ake tuɓewa ne, ganuwa da gonaki da hauren giwa. Waɗanda suka rage ba su da ko ɗaya cikin waɗannan, in an ce masu mi kuke taƙama da shi sai dai su nuna sama. To kai da ka ce ina ɗaukakar, tambayi kanka wace iri ka ke nema. In benci cike ne da janareta mai ƙarfi da lasifika har bakin kasuwa da fasto cikin babbar mota, wannan kambin Ifraimu ne, kuma ni na ga majami'u masu shi da ban so a binne ni daga cikinsu.

Yanzu batun ko mu ne. Nan zan ɓata maka rai kaɗan, da kai da masu kwament ɗin da suka yi ta rubuta amin mu ne zaɓaɓɓu. Karanta aya ta 7. Annabin bai ko huta ba ya juyo kan nasu na gida, wato Yahuza mulkin kudu, ya ce waɗannan ma tangaɗi suke da ruwan inabi, firist da annabi duk sun bugu, suna ganin wahayi suna layi, suna yanke shari'a suna tuntuɓe, teburansu cike da amai ba wurin da ke da tsabta. Kuma a aya ta 14 ya kira su da sunansu, masu mulkin jama'ar da ke Urushalima. Wato mutanen da suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta ba su shafa ma nasu ruwa ba, sai ma suka ɗauka tunda su ne suka rage ai shi ke nan su ne na Allah. Ƙaranci bai maida mutum ringi ɗana. Na taɓa zama dattijo a wata ƙaramar majami'a da ba mu fi gida goma sha biyu ba amma ɓangare uku muka kasu kan kuɗin baiko, har aka yi wata biyu wasu ba su gaisawa, kuma kowane ɓangare in ya tashi addu'a cewa yake mu 'yan kaɗan masu aminci. Ni ma ina cikin wani ɓangaren, Allah shi gafarta mani.

Ko Annabi Iliya ya yi wannan kuskuren. Ya gudu daga Yezebel matar Sarki Ahab har Dutsen Horeb yana cewa ni kaɗai na rage, Allah ya ce mashi akwai 7,000 da ba su durƙusa ma gunkin Ba'al ba. Annabi guda, bai san da su ba. Manzo Bulus da ya ɗauko labarin a Romawa 11 ya ce Allah ne ya keɓe ma kansa su, kuma ringin zamaninshi ma zaɓen alheri ne ba na aiki ba. Kenan rajistar ba ta hannun fasto ba ta hannuna, kuma sarauta ce da ba mai naɗa ma kanshi. In dai alama ka ke so, Zafaniya 3:12-13 ya ba da ita, mutane ne masu tawali'u, marasa ƙarfi, masu fakewa da sunan Ubangiji, ba su zalunci, ba a samun harshen ƙarya a bakinsu. Da wannan mudun za ka auna mu, ni da na auna kaina dai ban cika ba.

Wani abu kuma, na ga wasu a kwament sun maida maganar mu da su, wato mu da maƙwabtanmu Musulmi. Ku bar wannan. Ishaya da mutanen gidanshi yake, ba da na waje ba. 'Yan bindigar nan da suka tashi ƙauyuka a Faskari da Ƙanƙara da Batsari da Jibiya ba su tambayar ina ka ke sujada kafin su kora maka shanu, masallatai nawa suka zama kufai. Maƙwabcina malami ne, shekara da shekaru muna raba inuwar darbejiya ɗaya, da na ba shi labarin tambayarka sai ya yi murmushi ya ce su ma suna da hadisi cewa addini ya faro baƙo kuma zai koma baƙo, albishir ga baƙin. Mun bambanta a abubuwa manya, ba mu ɓoye ma juna, amma ciwon nan ya san shi. Batun kuma wai kai ba Bahaushe ba ne, tun 1932 ake da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kakarka da Hausa ta yi addu'a har ta koma, wanda ya ce maka haka ka gaishe shi da Katsinanci ka wuce.

Kalmar ringi ita ma ina ganin ka ji ta kamar sauran tuwon jiya da ake zuba ma kaji. Babanmu in an yi girbi, kafin a kai damma rumbu sai ya bi ya tsince zangarniyar geron da ta fi kyau ya ɗaure daban ya rataye, ba ta kai dami ɗaya ba, kuma ko yunwar bazara ta kai mu ga cin tafasa ba mai taɓa ta, wanda ya taɓa ya sha dorina. Ita ce mafi ƙanƙanta cikin amfanin gona amma gonar baɗi duk tana cikinta. Ishaya 6:13 haka ya ce, za a sare itacen sai kututture, kuma tsattsarkan iri shi ne kututturen. Kai ɗan manomi ne, ka san yadda sabara da kalgo ke yi bayan sassabe. Har ɗan cikinshi annabin ya raɗa ma suna Sheyar-yashub, ma'ana ringi za su komo, ya riƙo hannun yaron ya je ya tari Sarki Ahaz na Yahuza da shi. Ka ji suna mai baki biyu, za a komo amma ba duka ba.

Kada kuma ka zaci tsirar nan da kyan gani take zuwa. Amos ya ce kamar makiyayi ne da ya ƙwato ƙafa biyu ko guntun kunne daga bakin zaki. A 701 kafin haihuwar Almasihu Sennakerib sarkin Assuriya ya shigo Yahuza, a rubutunshi ya ce garuruwa masu ganuwa 46 ya ci kuma ya kulle Hezekiya sarkin Yahuza cikin Urushalima kamar tsuntsu a keji, Hezekiya sai da ya ɓamɓare zinariyar ƙofofin Haikali ya biya shi gandu. Cikin wannan halin ne aka ce ringin gidan Yahuza za su yi saiwa ƙasa su ba da 'ya'ya sama, saiwa tukuna. Birnin ya tsira a lokacin, amma bayan shekara ɗari da 'yan kai Babila ta zo ta rushe shi har Haikalin. Da a ginin begensu yake da ya ƙare ranar. Shi ya sa ba zan yi maka alkawarin bencin ƙauyenmu za su sake cika ba, ba a ba ni wannan ba, wanda duk ya yi maka shi ka riƙe aljihunka.

Ka ce lallashi. Aya ta 6 ba ta yi kama da lallashi ba, cewa ta yi Ubangiji zai zama ruhun adalci ga mai zaman shari'a, ya zama ƙarfi ga masu maida yaƙi baya a bakin ƙofa. Ƙofar gari a can kamar namu ce a da, Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga, nan ake tare abokin gaba in ya iso. Wato mutanen nan aiki ke gabansu, wani na raba gardama da gaskiya wani na tsaye inda ake gudu. Abin da annabin ya hana shi ne ruɗewa a kama duk abin da hannu ya taɓa. Manyan Urushalima Masar suka jingina da ita, ya ce masu gadonku ya yi gajere mayafin ya yi ƙaranci, ka san daren hunturun Katsina, ka rufe kai ƙafa ta fito. Duk lokacin zaɓe in na ga shugabanninmu na layi gidan wani mai neman kujera don buhun shinkafa da alkawarin kwanon rufi ayar nan nake tunawa. A aya ta 16 ya nuna dutsen kusurwa da aka kafa a Sihiyona, wato Urushalima, ya ce mai gaskatawa ba ya firgita, Bitrus kuma ya ce mana dutsen Almasihu ne.

Ƙarshen surar ka karanta da kanka, daga aya ta 24, kan manomi ne da ya san ba kullum ake huɗa ba, kuma ba a sa ma ƙananan tsaba abin da ake sa ma hatsi, sanda ta ishe su. Kamar dai yadda ba ka sussukar riɗi a turmi, kifa shi ka ke ka kakkaɓe. Ina so in ji mi ka fahimta a wurin kafin in faɗa maka nawa.

Sati na biyu cikin Disamba in Allah ya kai mu zan shiga ƙauye, in hanya ta yi lafiya. Gwaggonka har yanzu ita ke buga ƙarfen tayar nan da ke rataye a bishiya duk Lahadi da safe, ta aiko mani wai kafaɗa ta fara ba ta ciwo kuma ba wanda zai amshe ta. Akwai wuri a bayan babur. Ka kira ni kafin Alhamis in san ko da kai za a je, ka taho da Littafinka da kuma hular sanyi.

Ni ne babanka cikin Ubangiji,
daga Katsina.