Me ya sa na'urar wasan bidiyo ɗaya take fitowa iri-iri?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi tsokaci kan dabarar da kamfanonin na'urorin wasan bidiyo suke bi wajen fitar da samfuri fiye da ɗaya.

A watan Nuwamban 2020 Sony ya fito da PlayStation 5 iri biyu, mai gurbin faifai a kan dala 499 da marar gurbi a kan dala 399. A wannan watan na Nuwamban 2020 kuma Microsoft ya kawo Xbox Series X a dala 499, tare da ƙaramarta Series S a dala 299. Nintendo ya riga su, domin tun 2019 ya fitar da Switch Lite, ƙaramin samfurin na'urarsa Switch, a dala 199.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin rangwame ga mai ƙaramin ƙarfi, amma a ganina lissafi ne na kasuwa. Phil Spencer, shugaban Xbox a lokacin, ya bayyana a 2022 cewa suna asarar dala 100 zuwa 200 a kan kowace na'ura. Ribar tana cikin wasannin, saboda kamfani yana karɓar kusan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin wasan da aka saya a shagonsa na intanet, ga kuma kuɗin rajista irin na Game Pass, tsarin Xbox na biyan kuɗi wata-wata domin buga wasanni. Wanda ya sayi marar gurbin faifai ba zai ari wasa wurin aboki ba, ba zai sayi na hannu ba, kuma ba zai sayar da wanda ya gama bugawa ba. Dala ɗarin da ya rage a ranar saye, a hankali zai mayar da ita, wataƙila har da ƙari.

Masu hali ma ba a bar su ba: PlayStation 5 Pro ta fito a 2024 a kan dala 699, kuma gurbin faifanta daban ake saye.

Dabarar tana da nata nauyin. A 2023 wasan Baldur's Gate 3 ya makara zuwa Xbox, domin masu haɗa shi sun sha wahalar raba allo tsakanin 'yan wasa biyu a Series S, har masu babbar na'urar ma suka zauna jira na watanni.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Mai karatu