Fadar Ciragan da Ta Koma Otal

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci kan fadar Ciragan da ke gaɓar mashigin Bosforus a Istanbul, wadda Sultan Abdul'aziz ya gina. A cikinta aka tsare Sultan Murad na Biyar bayan an tuɓe shi, har ya rasu a 1904. Gobara ta cinye ta a 1910, ta daɗe tana kango, har aka riƙa buga ƙwallo a harabarta.

Yau otal ce ta alfarma, baƙi na karin kumallo suna kallon jiragen ruwa ta taga. A ganina gara haka da kango, sai dai kuɗin kwana ɗaya ya fi ƙarfin talaka, saboda haka ya dace a keɓe wa ɗalibai ranakun ziyara kyauta.

Naku,
Wani mai karatu, Kano