Wasiƙa Zuwa ga Malam Habu a Kan Karnukan Maƙwabcina

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali a can Bukuru. Mu nan ƙasar Ringim lafiya lau muke, bazara ta kankama, an gama sharar gonaki ana jiran saukar ruwa. Na rubuto maka ne a kan wata damuwa da ta tsaya mini a rai makonni uku ke nan, kuma na ga babu wanda ya fi dacewa in buɗe wa cikina sai kai, tunda ka san unguwarmu gida-gida, ka kuma san sha'anin dabbobi fiye da ni.

Ka tuna maƙwabcina na gabas, wanda dangarmu ɗaya da shi, mafaraucin nan da ya girme mu. Karnuka huɗu gare shi, uku maza da karya ɗaya. Da rani, idan an kawar da amfanin gona aka fara fita farauta, ba ka ganin dabbar da ta fi su gata, domin ana dama musu fura, ana jiƙa musu ƙanzo, kuma kayan cikin duk abin da aka kamo nasu ne. Amma da zarar an rataye kayan farauta, sai ya zama kamar bai taɓa saninsu ba. Babban cikinsu, wanda ya fi faɗa, ya ɗaure shi a turke bayan gida da wata guntuwar igiya, a wurin da inuwa take barinsa tun da hantsi. Ta ɓular danga nake hangensa. Haƙarƙarinsa a fili suke har ana iya ƙirgawa, kaska ta cika kunnuwansa kowace ta ƙoshi kamar ƙwayar wake, ƙudaje sun cinye gefen kunnen ya zama gyambo, igiyar kuma ta goge gashin wuyansa har nama ya bayyana. Kaskon da aka ajiye masa a bushe yake ƙayau, ya lashe shi har yana sheƙi. Da dare ba haushi yake yi ba, wani siririn kuka yake yi wanda idan ka ji shi barci ba ya ƙara ɗaukarka.

Sauran ukun an sake su suna nema wa kansu. Ranar kasuwa suna kwata, sauran ranaku suna kan juji, sun cinye wa mai ɗakina ƴan tsaki bakwai, sun fasa ƙwan zabin wata gwauruwa, kuma sau biyu suna jawo mushe har ƙofar masallaci. Duk wannan mun yi haƙuri da shi saboda zaman tare.

Abin da ya kai mu bango shi ne cizon da aka yi wa Sani, ɗana mai shekara bakwai. Karyar ta haihu a ƙarƙashin rumbun da ke jikin dangarmu, ita kanta ba ta da ruwan nonon kirki saboda yunwa, sai yaron ya miƙa hannu zai shafa kwikwiyo ɗaya yana dawowa daga makarantar allo, ta kuwa kama shi a ƙwauri. Haƙoranta biyu sun shiga sosai. Nan take mata suka taru, wata tsohuwa ta ce a yanko gashin karyar a ƙona a shafa tokar a wurin. Na ba ta haƙuri, na zaunar da shi a kan turmi, na sa aka yi ta zuba ruwa da buta ina wanke ciwon da sabulu har minti 15, kamar yadda ka taɓa gaya mini, yana kuka ina wankewa. Daga nan na ɗora shi a babur. Ƙaramin asibitin da ke kusa da mu ba su da allurar rigakafin haukan kare, sai da muka kai babban asibiti aka yi masa ta farko, aka sa mana ranakun komawa. Buhun gero ɗaya daga cikin wanda na ajiye domin damina na sayar kafin a kammala. Alhamdu lillahi, ciwon ya warke, yaron ya koma karatunsa.

Ma'aikacin da ya duba shi ya ce kada a kashe karyar, a sa mata ido kwana 10, domin idan ta wuce su lafiyarta ƙalau, to ba ta sa masa cutar haukan kare ba a lokacin cizon. Waɗannan kwanaki goma ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Ka fi ni sanin cewa cutar nan idan alamunta suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke samunta. Yaranmu da ke yawo ba takalmi tsakanin karnukan da ba a taɓa yi wa rigakafi ba, su ne a bakin wannan rami.

Domin kada karyar ta ɓace mana, ni da kaina na riƙa kai mata ragowar tuwo da ruwa safe da yamma. Ranar farko gurnani ta yi mini. A rana ta huɗu tana hango ni sai ta fara kaɗa wutsiya, nononta ya kawo, kwiyakwiyan suka daina tsuwa. A nan ne fushin da nake yi da ita ya sauka, na gane yunwa da tsoron a taɓa mata ƴaƴa ne suka sa ta cizon, kuma alhakin yana wuyan wanda ya ajiye ta ya ƙi ciyar da ita.

Samarin unguwa sun zo mini da shawarar a sa guba a nama a watsa da dare. Na hana su, har na yi musu faɗa. Gubar da aka yar a ƙasa ba ta san kare daga kaza ba, ungulu ma idan ta ci mushen mutuwa za ta yi, ga yara ƙanana masu tsintar komai su kai baki. Ban da haka, ko an kashe waɗannan, baɗi zai samo wasu ya yi musu irin wannan riƙo. Abin da na lura da shi a wurin mutanenmu shi ne sun ɗauka tunda kare ba abin shiga ɗaki ba ne, to ba shi da wani haƙƙi a kan mai shi. Alhali a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakke ne, kuma shari'a ta yarda a ajiye kare domin farauta ko tsaron dabbobi ko gona. Wanda ya karɓi wannan izini ya karɓi nauyin da ke tare da shi. Duk mun ji hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Karen da ke turke bayan dangata, halinsa bai bambanta da na kyanwar nan ba ko kaɗan.

Ban yi masa magana a bainar jama'a ba, domin dattijo idan ka kunyata shi a gaban ƴaƴansa ka rufe ƙofar gyara da hannunka. Bayan sallar isha'i na same shi a zaurensa, muka gaisa, na gode masa da dubiyar da ya zo yi wa Sani, sannan na shigo da maganar. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, mutum ma bai ƙoshi ba, balle kare." Gaskiya ne hatsi ya yi tsada, kuma na san yawan bakin da yake ciyarwa, don haka ban musa masa ba. Na ce, "Yaya, na yarda, amma ruwa da inuwa ba a sayen su. Idan huɗu sun fi ƙarfinka, ka riƙe biyu, ka ba Fulanin rugar arewa sauran, suna buƙatarsu. Kai ne ka koya mana cewa ba a kiwon kare ranar farauta." Ransa ya ɓaci, kwana biyu gaisuwarmu ba ta wuce sallama ba.

Da na ga haka sai na sami mai unguwa, na roƙe shi ya kira mu tare da liman, ba da sunan ƙara ba. Maganar liman ta shige shi fiye da tawa. Yanzu ya mayar da turken ƙarƙashin darbejiya, ya ƙara tsawon igiyar, ya ɗora wa ƙaramin ɗansa cika kaskon ruwa, kwiyakwiyai biyu kuma sun tafi ruga. Sai dai maza biyun nan suna nan suna yawo, kuma maganar rigakafi ya ce sai ya samu hali.

A nan nake neman taimakonka. Tunda kana kusa da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, inda ake sarrafa allurar rigakafin haukan kare, ka bincika mini hanyar da ƙauye irin namu zai same ta cikin sauƙi, da yadda za a kawo ta da sanyinta ba ta lalace ba. Na ji masana suna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri, cutar tana yankewa, kuma karnukan garinmu duka ba su fi ƙarfin aikin yini ɗaya ba idan malamin dabbobi ya zo. Ina so in kai wa dagaci shawarar a tara mafarauta a yi abin gaba ɗaya, ta yadda maƙwabcina ba zai ga kamar shi kaɗai aka nufa ba, ko da kuwa sai ranar 28 ga Satumba da ake gangamin yaƙi da cutar, ko da yake na fi son a yi kafin damina ta yi nisa. Haka kuma ka rubuto mini sunan maganin kaska da na gyambon kunnen nan, wanda zan iya samu a kasuwa, ni zan saya in kai masa.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara. Inna tana gaishe ka, Sani ma ya ce a gaida Baba Habu. Ina jiran amsarka.

Wassalam,
amininka,
Musa