Kada a rage wa jariri nono don ya yi ɓul-ɓul

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana da masu jego, da kakanni, da kuma ’yan uwana ma’aikatan lafiya. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake tayar wa uwa hankali idan jaririnta mai shan nono zalla ya yi saurin ƙiba, har a ce mata ta rage masa.

Aikin awon yara na yi a ƙananan asibitoci har na yi ritaya. A zamaninmu kukan ɗaya ne, yaron da ba ya ƙaruwa. Yanzu kuwa matasan iyaye suna jin labarin teɓa da ciwon suga a waya, sai tsoro ya kama su tun yaro bai iya zama ba.

’Yar ƙanwata ce ta sa na ɗauki biro. Haihuwarta ta fari ke nan, namiji, an haife shi da kilo 3.4. Da ta kai shi allurar mako 14 aka ɗora shi a sikeli ya ba da kilo 7.8. Wadda ta auna shi ta rubuta lambar a kati, ta ce, “Kai, wannan ya yi yawa, ki rage ba shi,” ta kira ta gaba. Yarinya ta koma gida ta riƙa ƙirga masa awoyi da agogo, in ya yi kuka kafin lokaci ta ɗura masa ruwa da cokali. Ranar da ta zo wurina ƙirjinta ya cika ya yi tauri, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, yaro ya cusa hannu a baki yana tsotsa yana mutsu-mutsu. Ta ce, “Inna, tsoro nake kada in ja masa ciwon suga.” Na karɓi katin, na ɗiga nauyinsa na haihuwa, da na mako 6, da na mako 10, da na mako 14 a kan jadawalin girman yaro da ke jikin katin. Ɗigon sun hau a jere, suna ta sama-sama amma ba su fita daga ƙa’ida ba. Na ce mata, “Zauna ki ba shi ya sha.”

Ga dalilina. Ma’aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2006 an gina shi ne a kan yaran ƙasashe shida: Ghana, Indiya, Oman, Brazil, Norway da Amurka, kuma masu shan nonon uwa aka ɗauka a matsayin mizani. A wannan ma’auni, matsakaicin nauyin yaro namiji ɗan wata uku kilo 6.4 ne, mace kuma 5.8. Amma matsakaici ba shi ne iyaka ba. Namiji ɗan wata uku daga kilo 5 har zuwa 8 duk yana cikin lafiyayyu. Kowane yaro da layinsa, kuma abin da ake dubawa shi ne ko yana bin layin nasa, tsawonsa da girman kansa suna tafiya tare da nauyinsa. Awo ɗaya tak ba ya isa a yanke hukunci.

Haka kuma girman ɗan nono yake. A kwanakin farko yakan ɗan ragu, kafin mako biyu ya maido nauyinsa na haihuwa. Daga nan sai ya yi ta ƙaruwa da sauri a wata biyu ko uku na farko, wuya ya ɓace, cinyoyi su yi ninki-ninki. Wajen wata huɗu zuwa shida ya ninka nauyin haihuwarsa, wani ma kafin haka. Sannan saurin ya ja baya da kansa. Da ya fara juyi, ya fara rarrafe, ya miƙe yana bin bango, sai a ga jikin yana zubewa, har kakar da ta ce ya yi ƙiba ta dawo tana tambaya ko ba ya samun abinci ne. Wannan kitse guzuri ne. A ƙasarmu da zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke kwantar da yaro su zuƙe shi cikin ’yan kwanaki, a Arewar da tamowa ta yi mana katutu, ban ga hikimar hana jariri tara abin da zai riƙe shi ba.

Jariri a kan nono shi yake da iko da abin da zai sha. In ya ƙoshi ya saki, ko ya yi barci, ba mai iya tilasta masa tsotsa. Kuma ba don yunwa kaɗai yake kamawa ba, har da ƙishirwa da neman natsuwa. Shi ya sa ake cewa a ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana.

Ruwan da ake ɗura masa don a “rage ƙiba” shi ya fi ci mini rai. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ko a zafin Afrilu ya ishe shi. Ruwan randa ko na leda ba abin da zai ƙara masa sai cika ɗan cikinsa da kuma haɗarin gudawa. Uwa ma ba ta tsira ba, domin nonon da ba a sha ba yana taruwa ya kumbura, wani ya yi ƙurji, daga baya ya ja baya gaba ɗaya. Binciken lafiyar al’umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran Najeriya ’yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Waɗannan ’yan kaɗan da suka daure, suka jure surutun dangi, su ne kuma za mu karya wa gwiwa da magana ɗaya a bakin sikeli?

Ba ina cewa kowace ƙiba alheri ba ce. Akwai kumburi, wanda ba ƙiba ba ne. A danna saman ƙafafun yaro da babban yatsa na daƙiƙa uku. In an ɗaga wurin ya bar rami, a tafi asibiti a ranar. Haka in kai ne yake girma fiye da jiki, ko yaro yana haki da gumi in yana tsotsa, ko ya yi lakwas ba kuzari. Sai kuma abin da nake gani yana ƙaruwa: mayukan ƙuraje masu ƙarfi da ake saya a kemis ba da izinin likita ba, a yi ta shafa wa jariri a mazaunai watanni, da mayukan ƙara hasken fata da wasu iyaye ke gauraya wa ’ya’yansu a man shafawa. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, fatar jariri kuwa tana zuƙarsa. Yana iya sa fuska ta yi zagaye ta kumbura, tsawo kuma ya tsaya. Irin wannan likita ne zai duba. Yaron da ake ba madarar gwangwani ma zancensa daban ne, musamman in ana cika garin fiye da yadda aka rubuta, ko ana zuba masa koko a fida tun bai kai wata shida ba.

Kakanni, na san kuna rufe yaro da zani in baƙi sun shigo don gudun baki. Ku yi masa addu’a, ku ce tubarkalla, amma jiƙe-jiƙe da ɗauri a dakata da su. Nono zalla wata shida, sannan a fara kunu da abinci mai laushi, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku.

’Yan uwana masu awo, na san layin ranar allura, na san ma’aikaciya ɗaya ce kan mata masu ɗimbin yawa. Duk da haka, rubuta lamba kawai ba awo ba ne. A ɗiga ta a jadawali, a auna tsawo da kai, a juya katin a nuna wa uwa inda ɗanta yake. Hukumomin kula da lafiya a matakin farko na jihohi kuma su taimaka da sikeli mai aiki da isassun katuna. Ina kuma roƙon gidajen rediyo, idan makon shayarwa na duniya ya zo, daga 1 zuwa 7 ga Agusta, su ware shiri guda a kan wannan tambaya, su bar masu jego su bugo waya su yi ta da bakinsu.

Na gode.

Wata tsohuwar malamar asibiti,
daga Funtuwa, Jihar Katsina