Amsa ga Alhajin da Ya Tambaye Ni a Rediyo: Wa Ya Tare wa Mata Hanya?

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin wasanni na rediyo a nan Tawa ka bugo waya, ka ce kana cikin masu riƙe da ƙungiyar unguwarku, sannan ka tambaye ni: in dai mata sun iya horar da 'yan ƙwallo, me ya sa sai an tallafa musu, wa ya tare musu hanya? Lokaci ya ƙare ban ba ka amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Batun iyawa ba sai mun ja shi da nisa ba. Florence Omagbemi ta ci kofin Afirka na mata tana 'yar wasan Najeriya, ta dawo ta ci shi a Kamaru a 2016 tana kocin Super Falcons. Desiree Ellis ce ta ɗauko wa Afirka ta Kudu kofinta na farko a Maroko a 2022. Sarina Wiegman ta ci kofin Turai da Holan a 2017, ta ci da Ingila a 2022 da 2025. In kuma maza kake nufi, Corinne Diacre ta riƙe Clermont a rukuni na biyu na Faransa daga 2014 zuwa 2017. Duk da haka, a gasar kofin duniya ta mata ta 2023, cikin ƙasashe 32, 12 kaɗai ne mace ke jagoranta. Gasar mata ce fa, Alhaji.

Ba wanda ya tsaya da sanda a bakin fili, wannan na yarda. Matsalar tana wajen lasisin koci. Tsarin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, hawa-hawa ne, daga D zuwa C, B, A, har Pro, kuma ba a barin mutum ya hau manyan matakan sai ya nuna ya riƙe ƙungiya na wani lokaci. Mace ta je neman ƙungiya a ce ina lasisinki, ta je neman lasisi na gaba a ce wace ƙungiya kika riƙe. Namiji yakan kuɓuta daga wannan tarko saboda tsohon kocinsa ya ja shi jiki ya mai da shi mataimaki. Ita wa zai ja ta?

Akwai wata tsohuwar ɗalibata da ke horar da 'yan mata bayan la'asar a filin makaranta. Ita ke zana layi da toka, ita ke ɗauko jarkar ruwa, ita ke wanke riguna, ita ta san wadda ke iya bugu da hagu da wadda ke tsoron sa kai. Ranar wasa sai a kawo wani mai takarda ya zauna kan benci, ita kuwa a rubuta ta a matsayin mai kula da yara. Aikin da ta yi shekara da shekaru ba ya cikin wani kundi da za ta nuna.

Ko da an kira horo a Yamai, tafiyar ta fi kilomita 500, ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso. Saurayi ya shiga mota, ya kwana kan tabarma a ɗakin aboki, shi ke nan. Mace sai ta nemi izinin maigida ko na iyaye, ta nemi masauki na mutunci, wata ma da goyo a bayanta. Ba ragwanci ke hana ta zuwa ba.

Ga kuma abin da ku iyaye kuka fi ni sani. Duk lokacin da za mu kai 'yan mata wasa Madawa ko Konni, tambayar farko da uba ke yi ita ce: wa zai tafi da su? In an ce mace ce, sai ya sa albarka. In an ce namiji ne, yarinyar ta zauna gida, kuma ban ga laifinsa ba. Ke nan rashin mata masu horarwa shi ke rage mana 'yan wasa, daga cikin 'yan wasan nan ne kuma za a samu masu horarwa na gobe.

Tallafin da nake nufi ba sadaka ba ne. Ina roƙon FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta riƙa kawo horon lasisin farko cikin jihohi a lokacin hutun makarantu, ta ware wa mata kujeru, musamman malaman motsa jiki da suka fito daga INJS, makarantar horar da malaman wasanni ta ƙasa, tunda sun riga sun san aikin. Tun 2018 FIFA ke da shirin haɗa mata masu tasowa da ƙwararrun koci, sai dai wadda ba ta taka matakin farko ba ba za ta kai can ba.

Naka ɓangaren ya fi wannan sauƙi, Alhaji. Kuna da ƙungiyar yara ƙanana. Ku ba mace ita kakar wasa ɗaya, da sunanta a takardar wasa a matsayin koci, ku biya ta abin da za ku biya namiji. In ta gaza ku sallame ta kamar kowa. In kun shirya, ku aiko gidan rediyon, zan haɗa ku da ɗalibar nan tawa.

Wassalam,
Malamar motsa jiki, Tawa