Wasiƙar Godiya Ga Sashen Binciken Tsoka Na Asibitin Koyarwa Na Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode wa ma'aikatan da ban san fuskokin mafi yawansu ba, alhali ta hannunsu Allah ya tsare mini rayuwar maiɗakina.

A farkon damunar bara ciwon ciki ya kama ta, ya faro daga cibiya, ya gangara ƙasan ciki ta ɓangaren dama, ga amai ga zazzaɓi. Likitoci suka ce afendis ne ya kumbura, wato 'yar tsokar nan da ke maƙale a farkon babban hanji, aka shiga da ita tiyata a daren, aka cire shi lafiya. Da gari ya waye wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini 'yar kwalba ɗauke da abin da aka cire a cikin ruwan fomalin mai hana tsoka ruɓewa, ta ce in kai sashenku a yi gwaji. Na so in bar maganar, domin kuɗin hannuna sun ƙare, kuma a ganina ciwo ya riga ya fita, abin da muka saba shi ne a samu wuri a binne. Sai ta ce mini, "Malam, ka daure ka kai, ido kaɗai ba ya ganin abin da ke ciki."

A sashenku aka yayyanka wannan 'yar tsoka siriri-siriri, aka rina ta, aka duba ta a ƙarƙashin madubin likita, aka gano wani ƙari na ciwon daji a can ƙarshenta, wanda girmansa ya ɗan haura santimita 2. Abin da ya fi ratsa zuciyata shi ne yadda ba ku tsaya ga cewa akwai ciwo ba: kun rubuta irinsa, da girmansa, da zurfin da ya yi a bangon afendis ɗin, kuma da wannan takarda likitan tiyata ya zaunar da mu. Ya bayyana mana cewa a cikin kowane afendis 100 da aka cire akan samu kusan 1 mai ɗauke da ƙari, kuma irin nata idan bai kai santimita 1 ba cirewar farko takan wadatar, amma idan ya wuce 2 ana fargabar ya kai ga kaluluwar da ke kewaye. Saboda haka aka sake yi mata aiki, aka cire ɓangaren dama na babban hanji tare da kaluluwar.

Wannan ma gare ku aka kawo shi, kuka bi kaluluwar ɗaya bayan ɗaya. Kwanakin jiran sakamakon sun fi mini kwanakin tiyatar nauyi, kuma duk lokacin da na leƙo tagar karɓar takardu, ba a taɓa ɗaga mini murya ba, ko da kuwa na zo sau biyu a yini. Sakamako ya nuna ciwon bai bazu ba. Yanzu tana gida cikin 'ya'yanta, muna zuwa asibiti duk ranar da aka ba mu.

Allah ya saka muku da alheri, ku da wannan ma'aikaciyar jinya, ya ƙara wa idanunku haske, ya jiƙan magabatanku.

Naku cikin girmamawa,
Wani magidanci daga Kano