A rubuta wakafin makarantun mata tun mai shi na da rai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan wata Hajiya da ta rasu bara a unguwarmu nan Gombe, da makarantar matan aure da ta bari. Ba zan ambaci sunanta ba, don ko tana raye ba ta son a yayata abin da take yi.

Atamfa da leshi take sayarwa. Da ribar ta sayi fili, ta gina ajujuwa, ta haƙa rijiya. Bayan la'asar sai ka ga mata sun cika wurin, wasu da goyo a baya, ana Ahalari da Ishmawi, a rufe da hadda. Asabar da Lahadi kuma boko ne da lissafi. Ƙarshen wata ita da kanta take kiran malamai ɗai-ɗai ta miƙa musu ambulan, kuma matar da mijinta ya rasu ba a karɓar ko sisi a hannunta.

Abin takaici, ba a rubuta komai ba. Takardar filin da sunanta take, magada kuwa haƙƙinsu ne su nemi a raba, ban ga laifinsu ba. Alawus ya tsaya, malamai sun fara zamewa.

Masu hali a nan sun fi son gini, don ana ganinsa, ana kiran Sarki ya buɗe. Wa zai biya malama a wata na goma sha uku? Masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta gina a birnin Fas na ƙasar Maroko a shekarar 859 da dukiyar gadonta, wakafi ne ya riƙe karatunsa. Hajiya Aisha Lemu ma, da ita da sauran mata suka kafa FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a Minna a 1985, tsarin ƙungiya suka yi wa aikin, shi ya sa ta rasu a 2019 amma makarantun FOMWAN na nan.

Da Hajiyarmu ta ware shaguna biyu kuɗin hayarsu ya riƙa biyan malamai, ta sa shaidu da amintattu a gaban alƙali, da ban rubuto ba. Ina roƙon ka turo wakilinka ya zagaya Islamiyyun mata na Pantami da Bolari da Jekadafari, ya tambayi kowacce sunan wa ke kan takardar filinta.

Wassalam.

Daga wata ɗalibar makarantar,
Gombe